Surukina da Motarsa Marar Salansa

Ban taɓa tsanar abin da ba shi da rai ba kamar yadda na tsani motar surukina. Mutum in ya ɓata maka, ka ce Shaiɗan ne ya zuga shi. Ita kuwa da hannu aka mai da ta abin da ta zama, da zarto, da rana tsaka, mutane na kallo suna yaba wa mai yankan.

Lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato, ba a yanke mana tamu jiha ba. Gidanmu na Birnin Kebbi ta gefen da ke kallon fadama. Maigidana na noman shinkafa wajen Zauro, ni kuma ina turara ta in shanya in surfa. Ɗiyata ta fari tana aure Argungu. Mijinta direba ne, yana jan wata motar haya mai dogon baya tsakanin garinsu da namu. Kafin ya samu fasinja sosai, kifi ya yi ta ɗauka da ita, kwando bisa kwando, ruwan kifi na tsiyaya har tsatsa ta cinye ƙasanta. Wajen kujerar ƙarshe akwai ramukan da hannu zai wuce. Bai kai ta ga mai walda ba. Buhu ya shimfiɗa a kai.

Salansa, ga wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba, wata doguwar tukunyar ƙarfe ce da hayaƙin inji ke bi ta cikinta, ya huce, ya rage murya, sannan bututu ya fitar da shi can baya inda ba kowa. Tasa ta bugi tudu a hanyar Augie ranar da ya je ɗaukar albasa, ta saki, tana jan ƙasa. Ya shigo tasha da ita tana ƙarar gwangwani. Nan 'yan uwansa direbobi suka taru a kansa, kowa da iliminsa. Suka ce ita ce ke shaƙe inji. Suka ce in ya yanke ta mota za ta samu numfashi, ta yi gudu, ta haye kowane tudu. Ya yanke. Bututun ya tsaya a ƙarƙashin motar, bai kai baya ba, guntu, baki buɗe.

Ba zan iya rubuta muku ƙarar ba. In ya taka totur, kamar an zuba duwatsu a ganga ana mirgina ta bisa kanka. In ya ɗaga ƙafa kuma sai ta yi ta harbi, tas, tas, kamar bindigar maharba. Awaki na tsinke igiya. Na ga jaki ya zubar da buhunan albasa ya shige masallaci. A gilashin baya akwai rubutu da jan fenti. Lokacin ban shiga ajin manya ba, ban san ko harafi ɗaya na boko ba, sai da na tambaya aka ce mini wai "Ladabi" aka rubuta.

To, ladabin ne ya kusa kashe mu.

Da cikin yarinyar ya tsufa aka kawo ta gida, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ta sauka lafiya cikin damina, namiji. Aka ba ta ɗakin da ke can ƙuryar gida, jikin katangar baya, don nan ne kusa da inda ake dafa ruwan wanka. Yayar maigidana, gwaggon yarinyar, ita ke yi mata wankan jego, ita ke dama kunun kanwa, ita ke tambayar jikinta. Ni 'yar fari ce gare ni, bakina a ɗaure. Ba na kiran sunanta. Ba na nuna na damu da ita gaban mutane. In na ji ta yi tari sai in tsawata wa kaza.

Duk unguwa an san bakina. Na taɓa tare mai unguwa bisa hanya kan maganar kwata, sai da ya canza hanyar zuwa masallaci. Amma akwai mutum guda a duniya da ba ni da izinin ɗaga ido in dube shi, balle in faɗa masa magana: mijin ɗiyata. Shi ma haka. In ya hango ni a kasuwa sai ya shige rumfar da bai yi niyya ba.

Saboda wannan kunya ce ba ya tsayawa a ƙofar gida. Tsayawa gaban zauren surukai, inda maigida ke zama da abokansa, rashin ta ido ne. Sai ya zagaya ta lungu, ya faka a bayan gida, jikin katanga, daidai ƙarƙashin 'yar tagar ɗakin maijego. Kuma ba zai ɗaga murya ya yi sallama a gidan surukai ba. To yaya matarsa za ta san ya zo? Sai ya taka totur. Ya sake takawa. Ya bar inji na ruri har gwaggo ta yafa zane ta fita ta karɓo abin da ya kawo.

Kusan kullum bayan la'asar, in ya sauke fasinja, haka ake yi. Ƙasa na zubowa daga rufi. Jaririn ya watsa hannuwa, ya saki nono, ya buɗe baki ba sauti kafin kukan ya fito. Maɗigarsa na bugawa ina gani. In ya firgita haka sai ya ƙi kama nono har magariba, nono ya cika wa uwar ya yi tauri, ita kuka shi kuka. Hayaƙi kuma ya shigo ta taga ya kwanta cikin ɗaki bisa zannuwan goyo.

Da jariri dai ba ni da kunya, jikana ne, angona nake ce masa. Shi kaɗai ya rage mini ƙofar magana.

Na sami maigida a zaure. Na ce, "Malam, ka gaya ma mijin yarinyar ga shi maido abin da yac cire ma mota tai. Angona ba shi samun barci."

Ya ce, "Ni? In tare surukina in ce mai mi? In ce ban son muryar abin da shika ci da ɗiyata da shi?"

"Ka ce mai haka nan."

"Ke dai ba ki rasa abokin hwaɗa. Kin gama da masu rai, kin koma ga ƙarhe."

Na koma kan gwaggo. Ta ce in bar mata. Da la'asar ta fita da ƙarfinta, ta daɗe, ta dawo riƙe da goro da busasshen kifi tana murmushi.

Na ce, "Yaya, kin gaya mai?"

"Na taɓo zancen. Wai, yaro mai kunya! Ko kai bai ɗaga ba. Ya ce tun da anka cire ta mota ta samu lahiya, awa doki. Ya ce yaro ɗan direba ne, gara shi saba."

"Shi saba? Da goro anka saye bakinki, Yaya?"

"Ke, kama kanki. Wa ka samun suruki irin wanga?"

Ina cikin wannan ƙunar rai aka yi mana rasuwa a Gulma, kawun maigida. Surukin ya aiko cewa shi zai kai mu gaisuwa. Ban so ba, amma ƙin shiga cin fuska ne. Maigida ya zauna gaba, dattawan unguwa suka cika tsakiya. Ni kuwa suruka ce, dole in nemi wurin da ya fi nisa da ƙeyar direba. Na wuce kujerar ƙarshe, ni da gwaggo, ƙafafunmu bisa buhun nan.

Bisa kwalta, gaskiya, ta yi gudu. Ko gudun ne ko ƙarar ce ke sa a ga kamar gudu, ban sani ba. Ba mai jin maganar wani. Maigida na ta motsa baki, surukin na ta gyaɗa kai, na tabbata ba wanda ya san abin da ake ciki. Da muka sauka kan hanyar ƙasa muka tarar da laka, nan dokin ya nuna halinsa. Ya sa giya, ya taka, fadama ta ɗauka, tsuntsaye suka tashi daga shinkafa kamar hadari. Mota na nan inda take. In ya sassauta ƙafa don ta ja a hankali sai ta yi tari ta mutu. Ba ta iya komai ba sai ihu. Manoma suka bar gona suka zo turi. Wani dattijo a cikinsu, laka har gwiwa, ya leƙo ta gilashi ya ce, "Direba, wagga mota taka duk baki ce, ina ƙahwahun?" Aka yi dariya. Ni ban yi ba, kada a ce na yi wa suruki dariya, amma na ji sanyi har cikin ƙashi.

Da za mu dawo, matan gidan rasuwa suka ba mu kaza, suka ce a yi wa maijego romo. Aka ɗaure mata ƙafafu, na aje ta gabana bisa buhu. Muna fitowa ruwa ya sauko, aka ɗaga gilasai duka.

Ni mai aikin hayaƙi ce, rabin rayuwata a bakin murhu na yi shi, ban cika kula da wari ba. Amma wannan ba ya yaji a ido kamar na itace. Kwanciya yake a ƙirji. Kaina ya fara sarawa ta goshi. Wani barci mai nauyi ya dinga ja na, irin wanda ba daɗi cikinsa. Na dubi gwaggo, kanta ya faɗa bisa kafaɗata, miyau na zuba. Na zungure ta, ta buɗe ido ta ce mini, "Mun iso?" ta koma. Na so in ce a tsaya. Wa zan ce wa? Direban surukina ne, kuma ko na yi ihu ba mai ji.

Da muka iso na fito da rarrafe na yi amai jikin katanga. Gwaggo ta zauna a ƙasa riƙe da kai. Aka jawo kaza, wuyanta ya langaɓe. Maigida ya ce a kawo wuƙa maza, kafin a kawo ta riga ta tafi. Mushe. Da surukin ya zagaya don kada mu haɗa ido, na sa hannu na ɗaga buhun. Ƙasansa baƙi ƙirin, da ɗumi, kamar gindin tukunya. Ta cikin ramin ina hango bakin guntun bututun, yana kallona.

A tsaye nan na ga ranar arba'in kamar an shimfiɗa mini ita. In maijego ta gama wanka za a mai da ta ɗakinta Argungu, kuma ba wata mota da za a sa ta sai ta mijinta. Ba za ta zauna gaba kusa da shi ba a idon iyayenta. Manyan 'yan rakiya za a ba gaba da tsakiya. Ita yarinya ce, baya za ta wuce, inda na zauna. Angona kuma bisa cinyarta, ƙasa da hancin kowa, kusa da inda kaza ta kwanta.

Na faɗa wa maigida. Ya ce ajalin kaza ne ya zo. Na faɗa wa gwaggo, wadda ta kwana biyu kanta na ciwo, ta ce jirin mota ne, mu da ba mu saba ba. Ita yarinyar ba zan zauna in yi shawara da ita ba, sai na ɗauki jaririn ina yi masa rawa a gabanta, na ce, "Angona, ni da kai ba mu shiga motar ubanka. Ko ya turo sarkin yaƙi."

Ta gane. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, don Allah kar ki kunyata ni."

Ban amsa ba. Ba a amsa wa 'yar fari.

Ranar arba'in ta zo da safe, gari a lumshe, hadari na haɗuwa ta gabas. An fito da gara: shinkafar da na turara da hannuna, da man gyaɗa, da albasa, da daddawa, da yaji. Aka yi ta kai wa bayan gida ana lodawa, don ko a ranar bai yarda ya tsaya ƙofar zaure ba. Mata sun cika tsakar gida ana guɗa. Maijego ta sha lalle, ta yi kyau, ban ce mata ta yi ba. Na ce a ba ni angona mu yi sallama. Aka ba ni. Na goya shi, na ɗaure da majanyi, na ƙara ɗaurewa. Na ratsa zaure ta gaban maigida da abokansa, na bi lungu.

Yana tsaye yana ɗaure buhu. Da ya gan ni sai da igiya ta faɗi daga hannunsa. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa cikin laka, ya kafa ido a ƙasa.

"Ina kwananku, Inna."

Na ce, "Tashi. Tashi ka dube ni. Yau babu kunya tsakanina da kai."

Bai tashi ba. Na ji mata sun biyo ni sun yi cirko-cirko a bakin lungu, guɗa ta mutu. Na buɗe ƙofar baya da kaina, na fizge buhun na jefar, na tura hannu cikin ramin na shafo. Na kai tafin hannuna gaban fuskarsa, baƙi ƙirin.

"Mi ne ne wanga?"

Ya ƙara sunkuyar da kai.

"Da kai nika magana, direba. Nan kaka son aje ɗanka?"

Ya ce, murya can ƙasa amma da tauri a cikinta, "Inna, motoci nawa ka yawo haka nan. Sai mu buɗe gilashi."

"In ruwa ya sauko hwa? Ɗaga kai ka dubi sama, tunda ni ba ka iya dubana."

"Allah shi kiyaye."

"Allah ya kiyaye. Ya ba ka salansa, kai kas sa zarto. Ina take? A ɗauko ta a liƙa, mu jira."

Ya sosa ƙeya. Sannan ya ce tana wurin mai shayi na tasha, an tsaga ta an yi murhun gawayi.

Wata daga cikin mata ta tuntsire da dariya, aka toshe mata baki. Maigida ya iso yana cewa, "Ke! Ke! Kin haukace?" Na ce masa ya matsa. Na juya na kama hanyar tasha da goyona. Ban ce kowa ya biyo ni ba. Amma nono na tare da uwar, ɗa na tare da ni. Na ji takunta a bayana tana shesshekar kuka, gwaggo na biye tana kiran sunan Allah da na iyayena.

A tasha kowa ya san ko ni wace ce, kuma kowa ya san ɗan wa ke bayana. Na wuce motocin samari na je ga wani dattijon direba da motarsa ke kan layi, inji na aiki a hankali kamar kyanwa na barci. Na zagaya bayanta na duƙa na duba, na ga bututu ya fito har waje. Na buɗe baya na taka ƙasan da ƙafata.

Ya ce, "Baba, za ki haɗa ni hwaɗa da yaron ga. Matar direba da ɗan direba, cikin motar wani? Ba a taɓa yi ba."

Na ce, "To a hwara yau. In ba ka ɗauka, da ƙahwa za ni Argungu, kuma duk wanda nig gamu da shi sai na gaya mai kai ma ka ƙi."

Ya dubi 'yan uwansa, ba wanda ya cece shi. Ya buɗe mana.

Ba mu yi nisa ba muka ji surukin tafe. Ya wuce mu kamar aradu, shi da buhunan shinkafa, ba ko mutum ɗaya a ciki, don 'yan rakiya sun watse. Ya riga mu isa, ban hana shi ba. Ruwa ya sauko a hanya, muka rufe gilasai. Angona ya kama nono ya sha ya ƙoshi, ya yi barci, ina jin numfashinsa da kunnena cikin mota mai tafiya. Uwarsa ba ta dube ni ba har muka sauka.

Uwar mijin na tsaye tsakar gida tana jiranmu, labari ya riga mu. Ko tabarma ba ta shimfiɗa ba.

Ta ce, "An ce kin ce ɗana za shi kashe ɗa nai."

Na ce, "Haka nic ce. Ga naku nan da rai."

Na kwance goyo na miƙa mata. Ban sha ruwan gidan ba, ba su ma kawo ba.

Daga baya na ji 'yan tasha sun sa shi gaba. In ya shigo sai a ce a kauce, ga wanda surukarsa ta yi wa gwajin mota. Waɗanda suka ce ya yanke su ne suka fi kowa dariya. Kafin kaka ya samo wata salansa aka liƙa, aka toshe ramukan. An ce ya ce ba don ni ya yi ba, wai mai take sha da yawa kuma inji ya fara zafi. Ya faɗi abin da ya ga dama.

Abin da na biya, na biya. Haihuwa ta biyu, ko da yake wasu kan kawo, ba a kawo ta gidana ba, a can ta yi wanka, haka ta uku. Maigida ya daɗe ba ya cin tuwona da daɗi. A unguwa aka daina cewa mai baki, aka koma cewa wadda ta tsaya gaban surukinta, kuma akwai gidajen da suka fasa neman ƙannen yarinyar saboda haka. Shi kuwa bai sake zagayawa bayan gidana ba. In Salla ta zo sai ya tsaya can bakin titi ya aiko da gaisuwa, ba na ma sanin ya zo sai ya tafi, don motar ba ta da murya.

Baƙin da hayaƙin motarsa ya bari jikin katangar ya daɗe. Duk shekara in za a yi yaɓe, maigida ya ce a shafe shi, ni kuma in ce a bar mini wurin. Angona da ya fara tafiya an kawo shi yini, na ja hannunsa na kai shi lungu na nuna masa. Bai gane komai ba. Ya dangwala yatsa zai kai baki, na buge hannun.